Furen Dare Ɗaya

Ran da aka ɗauke Sista Asabe daga asibitin Majiya
ta bar mini ganye ɗaya, faffaɗa kamar tafin hannu,
ba saiwa, ba ƙayar kirki.
Ta ce, "Inna Tabawa, soka shi a yashi,
ki manta da shi, ba ya son a tsare."

Na samo tsagaggen tulu a bayan rumbu,
na huda gindinsa, na zuba tsakuwa,
yashin gulbi da busasshen kashin awaki.
Na ajiye shi bakin taga, inda rana ke leƙowa da hantsi,
kafin azahar inuwa ta kare.

Malam Barau ya duba ya yi dariya:
"Mutane na shuka zogale, ke kin shuka takalmi.
Ba a miya da shi, akuya ma ta shinshina ta wuce."
Na ce, bar ni da kayana, je ka ji da zaure.

Shekarar farko na kusa kashe shi da ƙauna.
Kullum ragowar ruwan alwala a kansa,
sai gindi ya yi laushi, ya yi baƙi.
Na yanke ruɓar da sabuwar reza,
na shanya shi kwana uku a inuwa, na sake dasawa.
Daga nan moɗa guda, Juma'a zuwa Juma'a,
da sanyi kuwa ƙishi nake bari ya jure.

Shekara huɗu yana miƙa hannuwa,
ganye na fita daga gefen ganye,
sai da na kafa masa kara, na ɗaure da tsumma.
Damina ta biyar, gero ya yi bununi,
na ga ɗan ƙurji a bakin ganye.
Ya yi tsawo, ya lanƙwasa wuya kamar ludayi, ya kumbura.
Ni da na shekara talatin ina duba ciki
na san abin da ya kusa.
Na ce, yau ne, yau zai yi fure.

Na sa batir a tocila,
na kira jikata Hansai ta kwana wajena.
Bayan isha'i bakinsa ya fara motsi.
Sai ga babur a ƙofar gida, ana sallama:
matar Ɗanjuma masaƙi tana kan gwiwa,
haihuwar fari, ga hanyar Ringim ruwa ya datse, ya tare.

Na ɗauki jakata. Ban waiwaya ba,
don idan na waiwaya ƙafa za ta yi nauyi.

'Yar ta faɗo ana kiran assalatu,
cibiya naɗe a wuya. Na warware, na hura, ta tsala kuka.
Na dawo da hantsi, zanina duk taɓo.
Ga shi can ya rataye kai kamar jiƙaƙƙen tsumma,
ya buɗe, ya rufe, biki ya ƙare.

Amma ɗakin! Ƙamshi ya kama labule, ya kama buzu.
Hansai ba ta runtsa ba. Ta ce, "Inna,
ya kai faifai, fari kamar kindirmo,
cikinsa zare-zare kamar gemun masara.
Na haska shi har batir ya mutu,
sai na zauna a duhu muna numfashi tare."

Mai cewa takalmi ne ma,
ashe ya shigo tsakar dare da carbinsa.
Bai ce mini komai ba.
Da safe dai na ga karan an sake shi, an gyare.

Ran suna na yanki ganye ɗaya na kai wa mai jego,
na ce ta soka a yashi, ta manta da shi.
Ni kuwa na koma moɗa guda, Juma'a zuwa Juma'a.
In da rai, baɗi.
In kuma an buga ƙofa, jakar na nan a rataye;
ni da shi duk ma'aikata ne na dare.