Gwangwanin Sajan Maikano

A shagona na gyaran agogo, Ƙofar Guga,
bayan la'asar, in ciniki ya lafa,
nakan shimfiɗa farin ƙyalle a teburi
in juye gwangwanin kakana a hankali.

Kwabo mai huji goma sha bakwai,
anini tara, taro biyu,
sulalla huɗu masu hoton kwakwa.
Duk bugun arba'in zuwa arba'in da biyar ne,
sa'ad da Sajan Maikano ke dajin Bama,
takalminsa bai taɓa bushewa ba.

Gilashin da nake leƙa cikin agogo
shi nake maƙalawa a ido.
Ba na taɓa fuskar kuɗi da yatsa,
gefe nake kamawa, riƙon ƙwai,
don gumi ma yana da haƙori.

Wannan tauraronsa bai dushe ba,
kusurwa shida, kowace da kaifinta:
sahun gaba.
Wannan ya sha hannu, ya sha lalita,
larabcinsa ya kwanta kamar allon da aka wanke,
amma shekararsa na karantuwa:
sahu na biyu, ba laifi.
Wannan kuwa kore ya kama bakin hujinsa.
Cuta ce mai yaɗo. Na ware shi a takardarsa
yadda ake ware akuya mai ƙazuwa.

Gwaggo Tasalla, Allah ya jiƙanta,
ta taɓa tausaya wa sule ɗaya.
Ta jiƙa tsamiya, ta haɗa da toka,
ta dirje shi har ya ɗauki ido kamar sabuwar tasa.
Da Lurwanu dillali ya zo daga Kano
ya ɗaga shi a rana, ya yi tsaki:
"Kun yi masa wanka, kun wanke kuɗinsa.
Duhun nan da kuke gudu, shi muke saye."

Tun ranar na bar wa ƙarfe furfurarsa.
Busasshiyar auduga kawai, ita ma sama-sama.
In damina ta faɗi, in ƙulla shinkafa a tsumma
in sa a durowa ta sha musu danshi.

Akwai ɗaya da Lurwanu bai ko ɗaga ba.
Kwabon arba'in da uku,
igiya ta ci hujinsa har ya karkace,
ga tsaga uku a gefe, aikin wuƙa.
Ya ture shi da bayan biro:
"Wannan ko ɗan gwangwan sai ya yi gardama."

Ban ce masa komai ba.
Ban ce tsohuwarsa ce ta rataya masa a wuya
da asubar da mota ta kwashe su ba.
Ban ce su huɗu suka fita daga unguwa ba:
shi, da Bawale, da Tanko mai jima,
da Ɗan'azumi da bai fara aske gemu ba.
Shi kaɗai ya dawo ya ci tuwo.

Jiya Zinatu, 'yata, ta leƙo kafaɗata,
ta ce, "Baba, wannan mummunan nawa ne?"
Na ce miƙo min ambulan.
A gurbin da nake rubuta sahu
na rubuta sunaye uku,
biro na gardama, na karkaɗa shi.

Ladan ya kira magariba.
Agogunan bango, kowa da abin da yake faɗa.
Na rufe gwangwani, na ja ƙofa.