Ƙwaya Ɗaya, Ƙanne Biyu

A Kotka, inda teku ke daskarewa a bakin tasha
har jiragen katako su tsaya jiran mai fasa ƙanƙara,
ni Sirkka, yayarsu, na kai su asibiti
rana ɗaya, a mota ɗaya,
Aulis a gaba yana zuba ba'a,
Reijo a baya, goshinsa jingine da gilashi.

Likita ta rubuta musu abu guda:
farar ƙwaya, ɗaya kowace safiya.
Na ce a raina, nono ɗaya suka sha,
kwalba ɗaya ta kayar da su,
ai hannu ɗaya zai tashe su.

Aulis, mako uku kacal.
Ran Asabar, bayan wankan tururi,
ya zauna a kicin ɗina, ya fasa giya, ya kurɓa,
ya tsura wa kwalbar ido
kamar wanda ya ci karo da tsohuwar budurwa
ya rasa abin da ya taɓa gani a jikinta.
Ya ce, "Sirkka, wannan ai ruwan wanki ne."
Ya tuttular a kwatami. Shi ke nan.
Shekara ashirin, ta bi bututu.

Reijo kuwa, ƙwayar ta murɗe masa ciki,
ta ba shi jiri, ta kwashe ɗan barcin da ya rage.
Yana haɗiye ta da safe, a gabana,
da dare in tsinci kwalabe a bayan injin wanki.
Na ƙirga ƙwayoyin, ko yana tofarwa. Ba ya tofarwa.
Na ce masa rago.
Na ce dubi ɗan'uwanka.
Kalmar nan har yau tana maƙale a wuyana.

Bai yi fushi ba. Ya ce,
"Shi don daɗi yake sha, an kashe masa daɗin.
Ni tun yaushe rabona da daɗi?
Ina sha ne don igiyar nan ta daina tsinkewa,
wadda ta tsinke a tasha, da Pentti a ƙarƙashi.
Kowane dare sai ta sake tsinkewa."

Na koma wurin likita da faɗa a bakina.
Ta cire tabarau, ta murza ido, ta ce:
"Hantar wani na riƙe magani, ta wani na sallamarsa da wuri.
Akwai abin da aka gada a jini, ba mu gama karanta shi ba.
Akwai kuma ƙofar da mutum ya bi ya shiga kwalba.
Makulli ɗaya na ba su.
Ban tambayi ƙofar ba."

Ta canza masa wani, sau uku a rana,
ta haɗa shi da wani dattijo mai sauraro, ran Alhamis.
Ban ga abin al'ajabi ba.
Ya faɗi a watan Disamba, da rana ke leƙowa ta koma.
Ya sake faɗi ranar da aka haifi Pentti.
Amma hannunsa ya daina rawa a kan cokali,
kuma wani dare ya yi barci har ƙarfe shida,
ya kira ni a waya don kawai ya gaya mini.

Yau kwana sha tara.
Ba na ƙirga ƙwaya, na bar masa lissafinsa.
Daga taga ina hango su can kan ƙanƙara,
kowa ya huda raminsa, ya saki ƙugiya,
buta ɗaya ta kofi a tsakaninsu.
Aulis ya kama uku, yana ɗaga mini hannu.
Reijo bai kama ko ɗaya ba.
Yana zaune dai. Bai tashi ba.