Bashin Bazara

Wuta ta ɗauke tun ƙarfe ɗayan dare,
bangon ɗaki na huci kamar tanda.
Kafin ladan ya gyara murya
na ɗaure takalman da na saya a gwanjo;
na dama ya fi na hagu girma,
na cusa masa tsumma, muka shirya.

Baba Nomau na jira bakin tabkin Babaye
bisa kekensa mai kuka,
agogo a wuya, goro a kunci.
Tabki ya ja baya, ya bar laka
ta tsattsage kamar kaushin dunduniya.
Ba ya gaisuwa. Sai dai: "Illa, ka sha ruwa?"
In ce na sha.
Ya ce, "Nuna harshe."

Mu kama hanyar Kwanni.
Kilomita uku na fari kyauta ne,
iska na da sauran kunya.
Ina wuce amalanken albasa,
jaki ya dube ni, ya kaɗa kunne.
Wani yaro ya ce, "Wa ya biyo ka?"
Ba ni da numfashin ba shi amsa.

A na shida rana ta hau duwatsun Adar,
fara fat, ba ta yi sallama ba.
Daga nan komi sai da biya:
taki ɗaya, gumi ɗaya.
Gishiri ya zana gari a rigata,
harshe ya koma kilishi,
kwalta ta fara kama tafin ƙafa
kamar mai bin bashi a kasuwa.

Sai na ji fus! a bayana.
Tayar Baba ta gaji da duniya.
Ya dafa gwiwar da ta raba shi da gudu
tun ban zo ba, ya ɗaga hannu:
"Tafi! Ka taɓa aduwar nan ka komo."

Ni kaɗai.
Zuciya ta buɗe ciniki:
ga inuwa can, wa zai gani?
Ka zauna kaɗan, ka ce ka kai.
Na ce mata bari mu wuce wancan dutse.
Da muka wuce, na nuna mata wani.
Haka na yi ta yi mata wayo
har ƙayar aduwa ta soke ni a yatsa.

A komowa, wurin famfo,
Tsahara mai tallar cuku ta tare hanya,
ta juye mini kwanon ruwa a ka.
"Ɗan Habsu, ko kura ba ta fita yanzu!"
Ruwan ma da zafi. Na gode mata da hannu.

Na tarar da Baba yana tura keke.
Na ce, minti nawa?
Ya girgiza agogon, ya kai kunne.
"Zafi ya kashe shi."
Ya dubi ƙasa, ya auna inuwata da ƙafa.
"Jiya ta fi haka gajarta. Ka rage."

Saura wata biyu a tafi Yamai.
Ya ce abin da bazara ta ci a nan
can take biya, har da riba.
Ban sani ba.

Da la'asar hadari ya taru a gabas,
ya yi gunaguni, ya watse.
Na wanke riga na shanya;
kafin in zubar da ruwan wanki
ta bushe.