Mai Karya Ƙashi da Rake

A Surabaya, bayan kasuwar kifi,
akwai wani ɗaki marar taga,
an manna katifu a bangonsa don kada titi ya sa baki.
Nan nake aiki. Sunana Ngatirah.
Shekara talatin da ɗaya ina ara wa dodanni murya.

Bebe ake kawo mini fim:
baki a wangale, ba ihu,
wuƙa na sauka kamar cikin auduga.
Sai in gyara ɗaurin zani, in jawo kwandon cefane.

Rake ne ƙashin wuya.
Kankana ce ƙoƙon kai.
Kabeji kuwa, in ka murɗe shi sannu a bakin makirufo,
gawa ce ta tashi tana harhaɗa gaɓoɓinta.

Gidan nan da kowa ya ce kada a saya,
aka saya don araha,
kukan ƙofarsa kujerar surukata ce, mai ƙafa uku da rabi.
Matar da ke tsaye a madubi, gashi ya rufe fuska,
ba ta da sawu, ni na ba ta:
jiƙaƙƙen tsumma a kan siminti.
Makashin da bai taɓa gudu ba, amma kullum sai ya cim ma masu gudu,
numfashina ne cikin bokiti.
Samarin da suka shiga daji da kyamara,
aka tsinci kyamarar,
busasshen ganyen ayaba ne a tafin hannuna.
Yarinyar da aljani ya hau tana zagi da muryar tsoho?
Ni ce, da mura, kafin in kurɓi shayi.

Wisnu, daraktan bana, ko gemu bai haɗa ba,
ya ce, "Kaka, a ƙara jini."
Na ce, jini ba ya tsorata kowa, ɗan nan, mahauta na kwana lafiya.
Jira ne ke tsoratarwa.
Cire kiɗan. Bar musu shiru na daƙiƙa bakwai.
Kowa zai zuba a ciki abin da ya zo da shi daga gida.

Wani lokaci nakan sayi tikiti in zauna can baya,
ba allo nake kallo ba, ƙeyoyi.
Su zabura tare, su ƙwalla ƙara, sai kuma dariya,
budurwa ta sami dalilin riƙe hannun da take so.
A kunna fitilu. A fita neman tsire.
Tsoron da aka san ƙarfe nawa zai tashi,
ai wannan hutu ne.

Nawa ba ya tashi.
Damina biyu ke nan da aka kai Sukiran makwanci.
Yana jan ƙafar hagu, tun da babur ya kayar da shi:
tas, shaa. Tas, shaa.
Na tara silifa arba'in a ɗakin katifu,
na ja su kan katako, kan tayil, kan yashi.
Ni da na karya wuyan mutum dubu da rake,
na kasa tafiyar mutum ɗaya.

Daren jiya, ruwa na tsagaitawa,
sai ga ta a baranda.
Tas, shaa.

Na san dokar, ni na yi mata sauti:
kada ki buɗe, kada ki ce wane ne,
kada ki leƙa ke kaɗai.
Ban kunna fitila ba.
Na lallaɓa hannu na danna rikoda, halin sana'a.

Da asuba na sa a kunne.
Babu komai sai ɗigon ruwa daga indararo,
da kukan ƙofa, na gaske, marar daɗi,
da wata tsohuwa tana cewa ƙasa-ƙasa:
"Ka daɗe. Shigo, shayin bai huce ba."