Waken Tabawa

Barira ta sauka a Gujungu ran kasuwa,
ɗan acaɓa ya kawo ta har bakin rumbuna,
akwatin sanyi a cinyarta kamar jinjiri,
ni ko tabarma ban gama shimfiɗawa ba.

Ta ce, "Baba, gonar bayan rafi nake so,
waken nan da ƙuduji ya yi wa zobe.
Ya ci na Ilu, ya ci na Maikuɗi,
naka ko ganye ɗaya bai sunkuya ba."

Muka je. Ta zura safar hannu shuɗiya,
ta huda ganye, ɗigo kamar ƙwayar dawa,
ta jefa a 'yar kwalba mai tsawon farce,
ta rubuta lamba, ta binne cikin ƙanƙara.
Arba'in da bakwai na ƙirga, ban tanka ba.

Da dare kan tuwo na tambaye ta aikin.
Ta ce a Kano akwai injin da ke juyi,
ya kaɗa ruwan ganye kamar nono a gora
har abin da ake nema ya ware gefe.
Wani ya ɗumama, ya huce, ya sake ɗumamawa,
yana kwafar rubutun da ido bai gani ba.

"Rubutu a wake?" Ta ce, "Baƙaƙe huɗu ne,
su ne a jininka, su ne a akuya da kuka.
Akwai almakashi, ruwa ne, saye ake daga nesa,
ya bi layi ya yanke baƙi guda,
bai taɓa na kusa da shi ba."

Na ajiye loma. Kakata Tabawa ta faɗo mini,
kayan aikinta faifai, toka da ido.
Shekarar da aka ci tafasa har aka gaji,
ta liƙe bakin tulun iri da laka,
muna kuka, ba ta fasa shi ba.

Na ce, "In kun gano baƙin, sunan wa zai ci?"
Ta nuna mini lamba a jikin murfi.
Na ce, "Sa Tabawa." Ta yi dariya,
kwalbar ba ta da wurin suna.
A littafinta ta sa, da jan biro,
na duba, ko da yake ban iya boko ba.

Bayan wata uku sai ga ta, ba akwati.
Wuta ta ɗauke kwana biyu,
janareta ya sha mansa ya yi shiru,
kwalabe talatin sun narke sun lalace.
Ta zauna a dokin ƙofa, takalmi a ƙafa,
ko ruwan da uwarta ta miƙo ba ta karɓa ba.

Na shiga rumbu na ɗauko tulun,
na fasa lakar da ƙotar fartanya.
Toka ta tashi, muka yi atishawa tare.
Na auna mata tafi biyu a gefen mayafi,
saura na mayar, na kwaɓa sabuwar laka.

Ta ce, "Baba, duka zan so." Na ce, "Je ki da wannan.
Ku karanta, ku yanka, ku kawo in shuka in gani.
Rabin nan na damina ne, da jikokinki,
toka ba ta taɓa neman fetur ba."