Mai Cuɗa a Yeongdo

Saura kwana biyu a ɗauke ta hoto
ta shigo gidan wankanmu na Yeongdo,
tururi ya dusashe fitilu, rufi na ɗigar gumi.
Ta ce sunanta Bong Da-som,
ta hau teburina a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Inna Pyo, kada fata ta yi ja.
Gobe za a fesa mini ruwan launi,
in ya tarar da matacciyar fata, dabbare-dabbare zai kama."

Na sani, 'yata.
Ke ce ta tara a watan nan.

Na zura hannu cikin koriyar safa mai kaushi.
Daga diddige nake farawa, inda kowa ke mantawa,
sai gwiwa, sai bayan kunne.
Dauɗa tana murɗewa, tana zuba kamar guntayen taliya.

Jiki bai iya yi mini ƙarya ba.
Tafin hannu ya yi kanta: aikin ƙarfe.
Shati a ƙashin wuya: shi ma ƙarfe.
Kwana ɗari, in ji ta,
dankali da ƙirjin kaza, ba gishiri,
ana ɗora su a sikeli kamar zinariya.
Miyar da uwarta ta zuba mata ta sha komawa tukunya.
Jibi ruwa ma sai kurɓi-kurɓi,
don fata ta lafe a kan tsoka.

Cikinta ya yi ƙugi a ƙarƙashin hannuna.
Mu biyu muka yi kamar ba mu ji ba.

Ba na tambaya, amma ranar na tambaya.
Ta yi shiru har na gama kafaɗar hagu.
"Shekara bakwai ina bayan gilashi a tashar jirgin ruwa,
ina miƙa tikiti ta ƙaramar kafa.
Yatsuna kawai garin nan ya sani.
Ina so, ko sau ɗaya, in ga kaina gaba ɗaya."

Na kwara mata ruwan ɗumi.
Na ce yau ban da mai, ban da turare,
ki kwana cikin sakakken tufafi.
Ta tashi zaune, jiri ya ɗebe ta,
ta cafki damtsena.
Ta riƙe. Ta sake matsawa.
"Inna, wane gidan motsa jiki kike zuwa?"

Dariyata ta bugi bango ta dawo.
Shekara talatin da ɗaya, baya ashirin kowace rana.
Ba wanda ya taɓa haska wa wannan damtse fitila.

Bayan mako guda sai ga ta,
dafaffen ƙwai a hannu, kunci ya fara dawowa.
Ta nuna mini wayarta.
Wata mace kamar an ƙera ta da tagulla,
inuwa kwance tsakanin haƙarƙari,
mai yana ƙyalli a kan kafaɗar da na cuɗa.
Na duba diddigen. Sumul.
Nan ne sa hannuna.

"Minti arba'in," ta ce, "ina riƙe numfashi.
Da muka gama na zauna a bakin titi
na sha romo kwano biyu ina kuka."

Launin ya soma barin gwiwar hannunta.
Na cuɗe sauran,
ruwa mai kalar shayi ya bi magudana,
ya tafi teku da kwana ɗarinta.

An ce duniya cuɗe ni in cuɗe ka.
Rabin zancen kaɗai na taɓa sani.
Ina wanke tebur, ta ɗauki safar,
ta zura hannunta mai kanta.
"Juya, Inna."

Ashe akwai wani wuri tsakanin kafaɗuna
da ya daɗe yana jira.