Rawar Jikin Wuta

Ƙarfe biyun dare a Greifswald,
kofi ya huce tuntuni.
Bayan bango, maganaɗisu ya ɗaure filasma,
wutar da ba ta taɓa jikin tukunyarta.

Wa zai tsoma mata ma'auni?
Ka taɓa ta, ta mutu;
abin taɓawar kuma ya narke.

Shekara huɗu Wiebke na goge
ƙananan tsalle-tsallen da ke allo,
wai datti ne.
Yau ta ƙyale su.

Mahaifinta masunci ne a Baltik.
Da karkarwar igiya yake auna
iskar da bai taɓa gani ba.

Ta ƙirga rawar, ta sake ƙirgawa.
Zafin ya faɗi kansa.
Ta kurɓi kofin da sanyinsa.